Kayan gini a Yamai: Shagon gilashi ko Kasuwar Katako, ina ya kamata mai gini ya kai kuɗinsa?

Duk wanda ya taɓa karɓar takardar da magini ya rubuta masa jerin kayan aiki ya san irin tsayuwar da ake yi a bakin Babbar Kasuwar Yamai ana lissafi. Siminti buhu kaza, ƙarfe mai lamba 12 sanda kaza, kwanon rufi, falanki, ƙusa, waya, bututu, fenti. Shagunan da ke kewaye da kasuwar suna da kwaɗo da famfo da ƙwan fitila, amma kaya masu nauyi sai an ƙara gaba. Daga nan hanya ke rabuwa biyu. Ɗaya ta nufi Kasuwar Katako, kusa da unguwar Bukoki, inda ƙarar zarto da guduma ba ta barin mutum ya ji kiran wayarsa. Ɗayar kuma ta nufi manyan shagunan nan masu ƙofar gilashi da na'urar sanyaya ɗaki da ke bakin manyan titunan birnin, inda aka jera tayil da kayan banɗaki tamkar ɗakin amarya, kuma ake miƙa wa mai saye rasit mai hatimi.

A gidaje da yawa ba a bakin kasuwar ake yanke wannan shawara ba, a WhatsApp ake yanke ta. Mai kuɗin yana Abidjan ko Kumasi ko Tripoli ko Greensboro ta Amurka, ya turo abin da ya tara ta Nita ko Al Izza, ƙaninsa kuma shi ne ke tsaye a kan fili a Koira Tegui ko Niamey 2000. Na waje yana cewa a je babban shago a karɓo masa rasit. Na gida yana cewa a Katako kuɗin zai fi auki. Sau da yawa maganar kan ƙare da zargi, har zumunci ya yi tsami a kan buhun siminti goma.

Kowannensu yana da hujja, amma a kan mafi yawan abin da ke cikin takardar magini, na gida ya fi gaskiya. Inda na waje ya fi shi gaskiya wuri ne ƙarami, sai dai wuri ne da kuskure a cikinsa ke iya cinye gidan baki ɗaya.

Abu na farko da ya kamata 'yan ci-rani su cire daga ransu shi ne kwatanta shagunan Yamai da waɗanda suka saba gani. Wanda ke Amurka ya san Home Depot, kamfanin da aka kafa a 1978 wanda a yau yake da shaguna sama da 2,000. Wanda ke Faransa ya san Leroy Merlin da Castorama. Ƙarfin irin waɗannan shaguna daga yawan saye yake fitowa. Suna ɗaukar kaya da yawan da ke tilasta wa masana'anta rage musu farashi, kuma mutum na iya mayar da abin da bai yi amfani da shi ba a ba shi kuɗinsa. Babban shagon Yamai ba haka yake ba. Galibi ɗan kasuwa ɗaya ne ya shigo da kwantena daga Sin ko Turkiyya ko Dubai, ya ɗora kuɗin haya da na lantarki da albashin ma'aikata da harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari a kan kayan. Gilashin iri ɗaya ne da na Turai, amma rahusar da ke bayansa ba ta biyo shi ba. Ko a Amurkar ma, magina da yawa sun fi son sayen katako wurin dillalan unguwa, saboda a can ne ake sanin itace, kuma a can ne ake ba su kaya su biya daga baya.

Ita kuwa Katako, sunanta kaɗai ya faɗi sana'arta. Nijar ba ƙasar dazukan katako ba ce. Ban da azarar giginya da aka san yankin Gaya da ita, wadda gara ba ta cika iya mata ba, falankin da ake aiki da shi a Yamai daga ƙasashen bakin teku yake zuwa. Farin katakon nan mai sauƙin nauyi da kafintoci ke so, itace ɗaya ne mai suna uku: obece a Najeriya, wawa a Ghana, samba a Cote d'Ivoire. An sare shi a inda iska ke da laima, an kawo shi garin da hunturu ke busar da leɓe. Idan bai gama bushewa ba aka yi ƙofa da shi, bayan wata biyu sai ta lanƙwashe ta ƙi rufuwa, ko ta tsage daga sama har ƙasa. Ba a gane wannan a hoto, ba a kuma rubuta shi a rasit. Sai an ɗaga falankin an ji nauyinsa, an ɗora ido a bakinsa an hango ko ya miƙe, an duba ramukan ƙwari da garin da suke zubarwa. Dattijon da ya shekara talatin a cikin ƙurar zarto yana yin wannan cikin daƙiƙa kaɗan, kuma a Katako ana barin mai saye ya zaɓi falanki ɗaya bayan ɗaya, ya ture wanda bai yi masa ba. Haka abin yake a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano. Ilimin yana hannun mutanen da ke zaune da kayan.

Sai kuma yadda ake gini a wannan gari. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen Yamai sun haura miliyan ɗaya, kuma tun daga lokacin birnin sai faɗaɗa yake ta kowace kusurwa. Amma kaɗan ne ke gina gida a zama ɗaya. Albashi ya shigo, a buga bulo ɗari biyu. An ɗauki adashe, a zuba ginshiƙai. Kakar bana a yi rufi, baɗi a sa ƙofofi. Irin wannan gini yana bukatar mai sayarwa da zai yarda ya auna ƙusa rabin kilo, ya yanka falanki daidai tsawon da ake so, ya bar mutum ya ɗauki kaya yau ya cika kuɗi ƙarshen wata don ya san mahaifinsa ko ya san maginin. Yana bukatar wurin da za a samu katakon zuba kankare na hannu, wanda aka riga aka yi aiki da shi, tunda babu dalilin sayen sabon falanki don aikin da za a ɓamɓare bayan mako uku. A Katako mai walda yana nan kusa, maƙeri yana nan, mai kura da mai amalanke suna jira a ɗora musu. Kuɗin da aka kashe a wurin kuwa ba ya tsayawa a aljihu ɗaya, yana bi ta hannun mai yanka da mai dako da mai abinci kafin rana ta faɗi. Matashin da ke kukan rashin aiki a gari ya kamata ya sa wannan a lissafinsa, ko da ba shi ne abin da zai fara dubawa ba.

Shekarun nan sun ƙara nuna amfanin irin wannan kasuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkuman CEDEAO, an rufe iyakar Benin, wadda ta nan ne akasarin kayan Nijar ke shigowa daga tashar Cotonou. Ƙungiyar ta ɗage takunkumanta a Fabrairun 2024, amma hukumomin Nijar suka ci gaba da rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville. Manyan motoci suka koma biyowa daga Lome ta cikin Burkina Faso, cikin ayari da rakiyar sojoji, tafiya mai tsawo da tsada. Shagon da ya dogara da kwantena ɗaya yana iya wayar gari babu kayan da aka fara aiki da su. Ɗan Katako kuwa, idan babu a rumfarsa, zai aika yaro rumfa ta biyar ya karɓo.

To, a ina na waje ya fi gaskiya? A kan abin da ake binnewa cikin bango, da abin da ke zuwa a rufe cikin kwali.

Waya ce kan gaba. Akwai wayar da ake sayarwa a kasuwannin Afirka ta Yamma wadda daga waje jan ƙarfe ce, amma idan aka kankare ta da wuƙa sai farin alminiyom ya bayyana a ciki. Akwai wadda aka rubuta 2.5 a jikinta alhali kaurinta bai kai ba, akwai naɗin da aka ce mita 100 ne amma ba ya kaiwa. Irin wannan waya tana aiki lafiya a ranar da aka kunna fitila. Matsalar sai watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ya haura digiri 40, aka haɗa mata firji da fanka da na'urar sanyaya ɗaki, ta fara ɗumi a cikin bango inda babu mai ganinta. Mutanen Yamai ba sa bukatar a yi musu bayanin gobara. Babbar Kasuwar kanta ta ƙone a 1982, ginin da ake gani yau wanda aka sake yi ne bayan wannan, kuma Ƙaramar Kasuwa ta bi sahu a 2012. Wanda zai kwana da iyalinsa a ɗaki bai kamata ya nemi rahusar jika biyar a kan waya da na'urar katse wuta ba. Nan wurin shago mai adireshi ne, mai rasit, wanda za a iya komawa a tsaya a gabansa idan kayan suka ba da matsala. Haka ma bututun ruwa da za a rufe da siminti, domin ɗigon da ya fara a ƙarƙashin tayil sai an fasa ɗaki kafin a kai gare shi.

Tayil ma, wanda 'yan Yamai suka fi kira karo, gara a saye shi gaba ɗaya a wuri ɗaya, da ɗan ƙari a kai. Kwalaye masu suna ɗaya da suka fito daga gashi daban-daban launinsu kan ɗan bambanta, kuma wanda ya sayi rabi bana da niyyar cikawa baɗi yana iya tarar da samfurin ya ɓace daga kasuwa. A nan babban shago mai rumbun ajiya ya fi mai rumfa.

Amma ko a wannan fanni, rasit ba laya ba ne. Abin da rasit ke tabbatarwa shi ne an biya kuɗi. Ba ya nuna kayan sun isa fili, ba ya nuna kaurinsu. Littafin rasit kuwa abu ne da ake bugawa a kowace maɗaba'a. La'adar da wasu magina ke karɓa idan sun kawo mai saye ba ta san bambancin rumfa da gilashi ba, tana shiga farashi a ko'ina, kuma mai gida ne ke biyan ta ba tare da ya sani ba. Ɗan ci-ranin da ya ga hoton takarda mai hatimi ya kwanta da daɗin rai, wataƙila takarda kawai ya saya da tsada.

Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne ƙarfen gini, kuma a nan ne gardamar shago da kasuwa ke rasa ma'ana, domin dukansu biyu daga masana'anta ko daga babban dillali suke ɗauka. An daɗe ana ƙorafi a yankin nan kan ƙarfen da ake kira da lamba ɗaya alhali jikinsa na wata lambar ne. Bambancin milimita ɗaya ba ya ɗaukar ido, amma lissafinsa ba ƙarami ba ne. Sanda mai kaurin milimita 11 da aka sayar a matsayin mai 12 ta rasa kusan kashi 16 cikin ɗari na ƙarfen da ya kamata ya kasance a jikinta. Injiniya ya yi lissafin ginshiƙi da rufin kankare a kan 12, an zuba masa 11, an rufe da siminti, babu wanda zai sake gani sai ranar da bango ya fara tsagewa.

Gano wannan ba ya bukatar ɗakin gwaji. Cikakkiyar sanda mita 12 ce. Mai lamba 12 nauyinta kusan kilo 10.7 ne, mai lamba 10 kusan kilo 7.4, mai lamba 8 kusan kilo 4.7. Idan mai lamba 12 ta hau sikeli ta tsaya a wajen kilo 9, to ba ita ba ce. Ton ɗaya na cikakkiyar mai 12 sanda 94 ne ko kusa da haka. Mai sayarwar da ya yi alfaharin cewa ton ɗinsa ya fi na maƙwabcinsa yawan sanduna, ya faɗi sirrinsa da bakinsa. Ƙaramin ma'aunin kauri irin na makanikai, wanda ke shiga aljihu, ya isa ya raba gardama, kuma shi ne zai nuna kaurin kwanon rufi, wanda shi ma ake wasa da shi.

Abin lura, ko a Amurka sunan katako ba ya daidai da awonsa. Sandar da suke kira biyu-da-huɗu, ainihin awonta inci ɗaya da rabi ne da inci uku da rabi. Sai dai a can kowa ya san haka, an rubuta shi a ƙa'ida, kuma awon ɗaya ne a kowane shago. Abin da ke cutar mai gini a Yamai shi ne suna ɗaya da awo iri-iri.

Siminti ya ɗan fi sauƙi. Daminar 2024 ta yi ɓarnar da aka daɗe ba a gani ba. Alƙaluman hukuma sun nuna sama da mutum 300 sun rasu, fiye da miliyan ɗaya abin ya shafa, gidaje masu yawa sun rushe, har da tsohon masallacin Damagaram mai tarihi. A watan Oktoban shekarar, gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rage farashin siminti mai lamba 32.5, inda aka tsayar da ton ɗaya a kan jika 55 na sefa a Yamai da jika 51 a Tahoua, jihar da masana'antar Malbaza take. Ton ɗaya buhu 20 ne masu kilo 50, wato sefa 2,750 kowane buhu a Yamai a farashin wancan lokacin. Wannan ya ba mai gini abin da ba shi da shi a kan sauran kaya, lambar da zai riƙe ya yi ciniki da ita. Abin da ya rage masa shi ne ya tabbatar buhun ya cika kilo 50, bakinsa ba ɗinkin hannu ba ne, kuma bai daskare ba. Siminti ba ya son dogon zama, bayan kamar wata uku a ajiye ƙarfinsa kan fara raguwa, musamman idan ya sha laimar damina. Saboda haka wurin da kaya ke fita kullum ya fi wurin da aka jera su don ado, kuma wanda ya tara buhu ɗari a ɗaki yana jiran kuɗin magini daga Libiya bai yi wa kansa gata ba.

Laifin 'yan Katako, kuma laifi ne na gaske, shi ne ƙin rubutu. Farashi yana canzawa da irin takalmin da mutum ya sa. Wanda ya zo da mota ko aka ji Faransanci ya yi yawa a bakinsa, an san abin da za a faɗa masa. Mace da ta zo saye ita kaɗai, ko matashin da bai san lambobin ƙarfe ba, sai Allah ya haɗa su da mai tsoron Allah. Yawancin 'yan kasuwar mutanen kirki ne da amana ta riƙe su shekaru da yawa, amma amanar tasu ta fuska da fuska ce, ba ta tsallaka teku. Mutumin da ke tuƙa tasi a New York ba zai iya ɗaga falanki ya ji nauyinsa ba. Abin da ke isa gare shi hoto ne da lamba. Idan kasuwar da ta fi kowa sanin kaya ta ƙi ba shi waɗannan, zai kai kuɗinsa inda ake ba shi, ko da kayan can ba su kai nata ba. Kuɗin 'yan ci-rani kuwa ba ƙaramin kaso ba ne a gine-ginen sababbin unguwanni.

Gyaran ba mai tsada ba ne. Shugabannin 'yan kasuwar Katako suna iya ajiye babban sikeli a wuri ɗaya da kowa zai iya ɗora sanda ko buhu a kai kafin ya biya. Hukumar ANMC, wadda aikinta ke nan na kula da inganci da ma'auni, ita ce ya kamata ta riƙa tantance wannan sikeli, ta kuma riƙa bi rumfa-rumfa da shago-shago tana auna ƙarfe da waya, ba tare da ta ɗaga wa masu gilashi ƙafa ba. Matasan da suka gaji rumfunan iyayensu, waɗanda wayoyinsu ba sa barin hannunsu, babu abin da ya hana su rubuta takardar da ta nuna lamba da tsawo da nauyi da ranar saye, su ɗauki hotonta tare da kayan a kan kura. Wanda ya fara yin haka a layinsa, sunansa zai zagaya ƙungiyoyin WhatsApp na 'yan Nijar mazauna waje kafin wata ya ƙare.

Kafin a kai ga haka, nauyin yana kan mai gini. Ya raba takardar magini gida biyu. Waya da na'urar katse wuta da bututu da tayil su tafi shagon da zai rubuta garanti ya sa hannu. Katako da ƙofofi da tagogi da ƙusa da kayan zuba kankare su tafi Katako, tare da kafintan da shi mai gidan ya zaɓa ya kuma biya shi ladan rakiya a fili, don kada ya nemi nasa a bayan fage. Ƙarfe da siminti kuma a saye su duk inda aka yarda a auna. Wanda ke waje, maimakon ya ce wa ƙaninsa ya turo rasit, ya ce ya turo bidiyon sanda uku da aka zaro daga tsakiyar dami suna kan sikeli, da hoton kayan bayan an sauke su a fili.